Itace Nawa Suka Kai Watan Mayu da Rai?

Tun 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itace a Nijar. Hukumomi su fito, ƴan makaranta su fito, a haƙa rami, a dasa, a zuba ruwa, da daddare rediyo da talabijin su faɗi dubban da aka dasa a Yamai da Tawa da sauran jihohi. Adadin da ba a cika faɗa mana ba shi ne na waɗanda suka tsallake rani, suka kai watan Mayu da ganye a kansu. A wurina wannan adadi na biyu shi ne ya cancanci a kira shi sakamako. Muddin ana auna aikin gyaran daji da yawan ledar da ta fita daga wurin reno, za mu yi ta zuba kuɗi da gumin jama'a cikin ramukan da awaki ke sharewa kafin sanyi ya wuce.

Ba dashen nake ƙi ba. An dai sa shi a gaba ne alhali wurinsa baya. Daji yana dawowa inda aka fara gyara tafiyar ruwa, aka bar saiwar da ke cikin ƙasa ta tofo, kuma kowa ya san mai itacen idan ya girma. Haka abin yake a Adar, haka yake a bakin teku, kuma ƙasashen da suka fi mu ruwa da kuɗi sai da suka sha asara kafin su yarda.

Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta cewa daga 1990 zuwa 2020 an share daji hekta miliyan 420 a duniya, kuma tsakanin 2015 da 2020 ana share kimanin hekta miliyan 10 duk shekara, galibi a ƙasashe masu zafi, galibi don noma da kiwo. Ƴan ciranin Adar da suka san Kodebuwa ba sa bukatar a ba su labari: ƙasar da a da take da kurmi wajen hekta miliyan 16, yau abin da ya rage mata bai cika miliyan 3 ba, gonakin koko sun cinye mafi yawa. Maganin da shugabanni suka fi son furtawa shi ne alƙawarin dasa miliyoyi. To amma wani bincike da aka wallafa a 2022, wanda ya tattara sakamakon wurare fiye da 170 a kudanci da kudu maso gabashin Asiya, ya gano cewa kashi 18 cikin 100 na abin da aka dasa yana mutuwa a shekarar farko, bayan shekara biyar kuma mutuwar ta kai kashi 44. Wannan a inda ruwan sama ya fi namu yawa nesa ba kusa ba ke nan. Mu da ke da wata takwas zuwa tara babu ɗigo fa? A gefe guda kuma, Burazil ta rage saran dajin Amazon daga murabba'in kilomita sama da 27,000 a 2004 zuwa ƙasa da 5,000 a 2012, da sa ido ta tauraron ɗan Adam da hukunta masu sara. 

Darasin da ya fi fitowa fili yana bakin teku. Kogin Isa da ya ratsa Yamai yana ƙarewa ne a Neja Delta, inda dajin mangurob mafi girma a Afirka yake. Mangurob itatuwa ne da ke tsaye cikin taɓo a inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na gishiri, teku ta cika ta rufe saiwoyinsu, ta janye ta bar su a fili, kullum haka. Cikin saiwoyin nan kifi da jatan lande ke girma kafin su fita teku, kuma su ne ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta isa gidajen mutane. Duk duniya bai wuce hekta miliyan 15 ba, kusan kashi ɗaya cikin biyar yana Indonesiya. A Asiya tafkunan kiwon jatan lande ne suka fi cin sa. A Afirka ta Yamma akwai gonakin shinkafa, da itacen bandar kifi da dafa gishiri, a ƙasar Ogoni kuma ga malalar man fetur, wadda rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya bayyana irin ɓarnarta.

Bayan ambaliyar tsunami ta 2004 kuɗi sun kwarara don dasa mangurob. Da masu bincike suka koma Siri Lanka suka duba wurare 23 da aka yi dashen, a tara ba su tarar da ko ɗaya da rai ba, uku kacal ne abin da ya rayu ya haura rabi. A Filifin, bayan shekaru ana dasawa, an ƙiyasta abin da ya daɗe a raye da kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Dalilin bai ɓuya ba. Mangurob yana rayuwa ne a wani ɗan siririn tsiri, tsakanin matsakaicin tsayin teku da iyakar inda ruwa ke kaiwa idan ta cika, domin saiwarsa tana bukatar shan iska mafi yawan yini. Masu dashe kuwa sai su gangara can ƙasa, filin taɓon da ruwa ke daɗewa a kai, saboda wurin ba shi da mai shi, babu wanda zai yi musu gardama. Tsiron ya nutse, ko igiya ta tumɓuke shi. Wurin da ya dace, wato tsofaffin tafkunan da aka sare daji aka yi, yana da masu shi da takardunsu, shiga can sai da shari'a ko sulhu. Ƙari a kan haka, irin da ake kira Rhizophora suka fi dasawa, don ɗansa dogo ne, a soka a taɓo a wuce, alhali gaban teku wurin wasu iri ne, waɗanda ake kira Avicennia da Sonneratia.

Hanyar da masana irin su Robin Lewis na Fulorida suka tsaya a kai ita ce a fara da tambayar me ya hana dajin dawowa da kansa. A auna tsayin ƙasar wurin, a kwatanta da na dajin da ke da lafiya a kusa. A fasa madatsun da suka tare ruwa, a buɗe magudanan da suka toshe, a bar teku ta riƙa shiga tana fita. Idan akwai iyayen itatuwa kusa, ruwan da kansa zai kawo iri ya ajiye kowane a tsayin da ya dace da shi. Sai an jira shekara ɗaya ko biyu ba a ga tsiro ba sannan a dasa. A Senegal, inda ƙungiyar Oceanium ta Haidar El Ali ta fara da mutanen ƙauyukan Kazamans a 2006, aka dasa miliyoyi masu yawa har zuwa Salum, abin ya fi kamawa a wuraren da mangurob ya taɓa tsayawa kafin farin shekarun 1970 da 1980 ya kashe shi, kuma da damina ake dashen, lokacin da gishirin ruwa ya ragu.

Mai karatu a Tawa zai ce ina ruwansa da teku. Ruwansa shi ne kuskuren iri ɗaya ne: a zaɓi wurin da babu rigima maimakon wurin da itace zai rayu, a zaɓi irin da ke da sauƙin reno maimakon na wurin, a manta da tafiyar ruwa. Namu filin taɓon shi ne fako.

Fako ƙasa ce da samanta ya daskare, ruwa ya zuba ya gudu bai shiga ba. Garin Tawa yana samun abin da bai cika wuce milimita 400 ba a shekara, cikin wata uku, kuma yawancinsa yana sauka ne cikin ƴan manyan ruwaye. Wanda ya haƙa rami a fako ya sa tsiro ba tare da ya tare ruwa ba, ya binne shi ne kawai. Shi ya sa rabin wata, wato ramin tare ruwa mai siffar rabin wata, ya zama tushen aiki a kan tuddanmu. Ƙa'idarsa sananniya ce: faɗin baki mita 4, zurfi santimita 15 zuwa 25, a tara ƙasar da aka haƙo ta gefen gangare a yi kunya mai tsayin santimita 30 zuwa 40, a daddage ta, inda akwai dutse a jera mata a baya. Daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar na gefensa mita 8, daga layi zuwa layi mita 4, kuma na layin ƙasa ya zauna daidai tazarar da ke tsakanin biyun da ke samansa, yadda ruwan da ya kuɓuce wa na sama zai faɗa cikinsa. Hakan yana ba da rabin wata 313 a hekta.

Ɓarnar tana zuwa ne ta wurare ƙalilan, kuma kullum su ne dai. Ba a bi layin daidaiton ƙasa da tiyo mai ruwa ba, aka yi da ido, sai ruwa ya taru a kunne ɗaya ya fasa. An fara daga gindin tudu maimakon daga kai, ruwan farko ya gangaro da ƙarfinsa ya share layuka goma a dare ɗaya. An biya ma'aikata bisa yawan abin da suka haƙa, uku a yini ga mutum ɗaya, babu mai duba zurfi, sai a sami ramuka masu zurfin tafin hannu. An yi shi a jigawa, inda yashi ke shanye ruwa da kansa, babu abin da za a tara. An sa tsiron a tsakiyar rami inda ruwa ke kwana biyu yana tsaye, saiwa ta ruɓe, alhali wurinsa gindin kunya ne, ɗan sama kaɗan. Ba a watsa irin ciyawa ba, gamba ko kyasuwa ko komayya, wadda za ta riƙe kunyar ta kuma ba jama'a abin amfani tun shekarar farko. Sannan babba a cikinsu: furoje ya tashi, mai gadi ya daina samun albashi, dabbobi su shiga.

Akwai wani kuskure da ya shafi tuddan da ke kewaye da Yamai, wajen Sayi da Kollo da Kure inda raƙuman dawa suke. Dajin can a jere yake, tsirin geza da sabara da taramniya, sai tsirin fili fetal, sai wani tsirin itatuwa. Wanda bai sani ba zai ɗauka filin nan lalacewa ce, ya ce a haƙa a dasa. Alhali shi ne ke tattara ruwan sama ya gangara da shi ga itatuwan da ke ƙasansa, da shi suke samun ninkin abin da sama ta ba su. Ka tare ruwan a filin, ka kashe tsohon dajin da ƙishirwa don ka raya tsiron da ba lallai ya kai baɗi ba.

A gona kuwa tassa ce. A 1989 wani shiri na FIDA, asusun bunƙasa noma na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya kai ƴan manoma daga Illela zuwa Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda ake gyara ramukan zai, suka dawo suka inganta tassar da suka gada. Rami mai faɗin santimita 20 zuwa 40, zurfi 10 zuwa 25, kimanin 10,000 a hekta, a haƙa da rani, a tara ƙasar ta gefen gangare, a zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu, wato wajen tan 3 a hekta. Gara ta zo cin takin ta huda ƙasa, ruwa ya sami hanyar shiga. Abin da ya shafi zancenmu shi ne cikin takin nan akwai ƴaƴan gawo da aduwa da magarya da bagaruwa waɗanda suka bi ta cikin dabba, ɓawonsu ya yi laushi. Sai su tsiro tare da hatsi, a ramin da ke da danshi da abinci, babu leda, babu kuɗin mota. A Illela har fako ya yi daraja, mutane suka shiga sayensa don su gyara. A ƙauyen Batodi masu bincike sun rubuta cewa ruwan rijiyoyi ya taso da kimanin mita 14 cikin shekara goma.

Babban abin da Nijar ta nuna wa duniya dai shi ne sassaben zamani, wato manomi ya bar tofon kututturan gonarsa ya rene su maimakon ya share. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ke aiki a Maradi, ya lura cewa ƴan tsire-tsiren da manomi ke sharewa duk bazara kawunan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa da zurfinta da ƙarfinta. Manoma da yawa sun san haka tun kaka da kakanni, abin da ya rage shi ne dalilin da zai sa su bari. Bayan yunwar 1984 abin ya bazu daga gona zuwa gona. Da masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou suka kwatanta tsofaffin hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan Adam, suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, mafi yawa a Maradi da Damagaram, da wani ɓangare na Tawa. A ajiye wannan kusa da Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007: rahoton 2020 ya nuna hekta miliyan 4 aka gyara a yankin ganuwar, a ƙasashe 11 gaba ɗaya. Manoman ƙasa ɗaya, da adda da gatari, sun wuce haka.

Aikin ba shi da wuya, amma yana da ƙa'ida. Kafin sassabe a zagaya gona a ga kututturan da ke tofo, a zaɓi waɗanda ake so. A kowane kututture a bar tsiro 3 zuwa 5 mafi ƙarfi da miƙewa, a sare sauran. A share rassan gefe zuwa rabin tsayin tsiron, kada a wuce, don idan aka bar shi tsirara da ɗan ganye a ka, iska ta karya shi ko akuya ta tanƙwaro shi. Saran daga ƙasa zuwa sama ake yi, da ƙarfe mai kaifi. Idan aka saro daga sama, ɓawo yakan yage ya bi jiki, ƙwari da ciwo su shiga ta nan. A ɗaura jan ƙyalle don mai wucewa ya san da mai shi. A koma duk wata biyu zuwa shida a cire sababbin tofon da ke gasa da waɗanda aka bari. Daga shekara ta biyu ko ta uku ana iya sare ɗaya duk shekara a yi girki ko shinge, a bar sabo ya maye gurbinsa. Mai farawa ya nufi kututture 40 a hekta, ya ƙara idan ya ga hatsinsa bai damu ba. Kalgo da sabara a rage musu rassa gab da shuka saboda inuwa.

Gawo kuwa nasa daban ne, kuma ya cancanci a dakata a kansa. Yana zubar da ganye da damina, ya fitar da rani, don haka gero yana samun rana a ƙarƙashinsa, ga takin ganyen da ya zuba, ga na dabbobin da suka sha inuwa da rani, ga sinadarin da saiwarsa ke ƙara wa ƙasa. Ƴaƴansa suna faɗowa lokacin da ciyawa ta ƙare. Ba banza ba tarihin Damagaram ya riƙe cewa Sarki Tanimu ya hana saransa da hukunci mai tsanani. Ƙaramin gawo yakan fito ne daga kashin dabba, kuma babban maƙiyinsa hauya ce a noman farko, musamman a hannun yara ko ƴan barema da ba su san da shi ba. A kafa masa sanda ko a kewaye shi da duwatsu tun kafin a shiga noma. A leda kuma yana wahala, domin saiwarsa mai nutsawa ce, cikin ƴan makonni ta kai gindin ledar ta nannaɗe.

Me ya sa kakanninmu suka san wannan amma gonaki suka zama fetal? Dokar daji ta Turawan mulki ta 1935, da tamu ta 1974 da ta bi sawunta, sun mai da itatuwa masu daraja kayan hukuma. Manomin da ya bar gawo ya girma a gonarsa ya jawo wa kansa tara ranar da ya sare reshe. Hankali sai ya ba shi ya share shi tun yana ƙarami. Sassauci ya fara bayan taron Maradi na 1984 kan yaƙi da hamada, sannan dokar karkara ta 1993, da dokar daji ta 2004, har zuwa 2020 da gwamnati ta fitar da doka ta musamman kan sassaben zamani wadda ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya rena. Wannan ci gaba ne na gaske. Sai dai dokar da ke cikin Faransanci a ofis ba ta hana tsoro a ƙauye. Ya kamata a karanta ta da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci a gidajen rediyon karkara, a gaban maigari da ma'aikacin gandun daji tare, kowa ya ji abin da aka halatta da abin da ke bukatar izini.

Kuma akwai waɗanda dokar ba ta kai gare su ba tukuna. Mai gonar aro ko jingina ba ya renon itace, sau da yawa ma mai gonar ne ke hana shi, don itace a gona shaidar mallaka ce. Mata, waɗanda su ne ke tafiyar neman itacen girki, galibi gamana suke nomawa a gonar miji. Hukumomin filaye na ƙauye da na gunduma suna iya rubuta yarjejeniya mai sauƙi: gona ta wane ce, itacen da aka rena cikin shekarun aro kuma ga yadda za a raba amfaninsa. Sai ɓarayin dare da masu sassake gawo don dabba. A Ɗan Saga ta gundumar Agye an kafa kwamitin sa ido da ya haɗa manoma da mata da makiyaya, kuma shigar makiyayan ita ce ta sa abin ya zauna. Duk shirin da ya gyara tudu ya rufe burtali ko makiyaya ba tare da ya zauna da Fulani da Buzaye ba, rigima ya dasa.

Dashe yana da wurinsa. Inda garma ko wutar da ake cinna wa kututture shekara da shekaru ta kashe saiwa, babu abin da zai tofo. Kuma sassaben zamani ya fi dawo da sabara da kalgo da gawo, amma ƙirya da ɗanya da marke da kuka sai an taimaka musu. Jihar Tawa tana da misalai biyu na dashen da ya tsaya. A kwarin Majiya, daga 1975, ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji sun jera dogon yaro layi bibbiyu, mita 4 tsakanin itace da itace, mita 100 tsakanin shinge da shinge, don kare gonaki daga iska. Wurin yana da ruwa kusa a ƙarƙashin ƙasa, kuma an sa masu gadi a shekarun farko. A Keita, shirin da Italiya da FAO suka fara a 1984 ya soma ne da ramuka a jikin duwatsu da kunyoyi da madatsun ƙorama, itatuwa wajen miliyan 18 suka biyo baya, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan aikin saboda maza suna cirani.

In za a dasa, a haƙa ramin tun kafin damina, santimita 40 faɗi, 40 zurfi, ba a fafe gora ranar tafiya. Tsiron ya yi wata uku zuwa huɗu a wurin reno, a rage masa ban ruwa mako biyu kafin a fitar da shi don ya saba. A dasa bayan ruwa mai ƙarfi, da zarar damina ta zauna, daga tsakiyar Yuli zuwa farkon Agusta. A Tawa ruwa yakan ɗauke a Satumba, don haka wanda aka dasa a ƙarshen Agusta, bayan an gama jiran baƙi da motar ɗauko tsiro, saiwarsa ba za ta kai danshin ƙasa ba kafin rani. A yanke santimita ɗaya ko biyu na gindin ledar don a cire saiwar da ta nannaɗe, a cire ledar gaba ɗaya, a danne ƙasa, a bar ɗan kwari a gindi. A kewaye da ƙaya kafin a saki gonaki wa dabbobi.

Yarjejeniyar da ake yi da masu furoje ita ma sai ta canja. A raba kuɗin: kashi a ranar dashe, sauran a watan Mayu na shekara ta ɗaya, ta biyu da ta uku, gwargwadon abin da ke raye. Albashin mai gadi na shekara uku ya shiga lissafi tun farko, kafin kuɗin tuta da rumfa. Ƙirgar ba ta bukatar na'ura: a ware ƴan filaye masu mita 50 da 50 a wurare daban-daban, a kafa musu alama, wanda ba shi ya dasa ba ya ƙirga, magajin gari ya liƙa sakamakon a ƙofar ofishinsa. Nijar ta yi alƙawarin gyara hekta miliyan 3.2 kafin 2030, kuma da irin wannan ƙirga ce kawai za mu san inda muke.

Yamai ita ma tana da nata alhakin, kuma ya fi na ƙauye nauyi. Ɗamarar itatuwan da aka fara dasa wa birnin a 1965, wajen hekta 2,500 na dogon yaro da turare don tare iska da ƙura, ta rayu, ta girma. Fari bai kashe ta ba, fegi da gini da juji ne suka yi ta cin ta. Birnin da ya kasa kare itacen da ya shekara hamsin a tsaye bai kamata ya fara da sabon dashe ba, ya fara da shata iyakar abin da ya rage, da turaku na siminti da takardar mallaka da sunan jama'a.

Sannan tukunyarmu. Mutanen Yamai sun haura miliyan tun ƙidayar 2012, kuma gidaje masu yawa da itace ko gawayi suke girki, ban da masu gashin nama da masu shayi. Kamyo da amalanken jaki suna shigo da shi daga wajen Sayi da Torodi da Kollo. Dokar 1992 ta kafa kasuwannin itace na karkara don ƙauye ya riƙe dajinsa: a raba shi kashi-kashi, a sari ɗaya a bar sauran su huta, a ƙayyade abin da za a fitar a shekara, wani kaso na haraji ya koma gyaran dajin. Tsari ne mai kyau, amma yana aiki ne kawai idan itacen da aka saro ba bisa ƙa'ida ba ya fi tsada a shingen shiga gari. Idan ya fi arha, ƙauyen da ya bi doka shi ne ya yi asara. Gawayi ya fi muni, domin a murhun ƙasa na gargajiya sai an ƙona itace kilo 5 zuwa 10 kafin a sami kilo ɗaya, kuma masu yin sa itace mai tauri suke nema, ƙirya da marke, waɗanda suka fi kowane jinkirin girma.

Murhu Mai Sauƙi na ƙarfe da Albarka na laka suna rage cin itace idan girman murhun ya dace da tukunya. Amma abin da zai sauke wa daji nauyi da gaske gas ne, kuma tun 2011 matatar Damagaram tana fitar da shi. Cikas ɗin uwargida a Talladje ko Lazare yana wuri biyu: kuɗin sayen tukunyar farko da kan murhunta a dunƙule, da kuma cewa itace ana sayensa kaɗan-kaɗan kullum, gas kuwa sai an tara kuɗin kilo 6 gaba ɗaya. Tallafin ya kamata ya tafi can, ga tukunyar farko bashi a biya kaɗan-kaɗan ta hanyar ƙungiyoyin adashen mata, da wurin sauya tukunya a kowace unguwa wanda ba ya yankewa. Duk lokacin da gas ya yi wata biyu yana wahalar samu, gidajen da suka riga suka bar itace suna komawa gare shi, kuma ba duka ke dawowa ba.